Ranar da Tukunyar Shugaba Ta Ƙare

A kamfanin sabulun da ke bayan tashar manyan motoci, in baƙo ya tambayi wa ake shakka, ba ofishin manaja za a nuna masa ba, ƙofar kicin za a nuna masa. Nan ne mazaunin Shugaba, wata gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa da ta shafe sama da shekara talatin tana dafa wa ma'aikata abincin rana. Ba wanda ya naɗa ta shugabancin komai a takarda. Sunan ne ya bi ta da kansa, don shi kansa manajan in ya shigo kicin sai ya sassauta murya, ya saci kallon takalminsa ko ya kwaso ƙasa.

Tukunyarta sai ƙarti biyu sun kama take ɗaguwa, ko da babu komai a ciki. Ita kuwa sai ta hau wani ɗan benci kafin ta iya hango gindinta. Ba ruwanta da cokalin awo. Gishiri da tafin hannu take watsa shi, mai da kwano, albasa kuwa a buhu ake kawo mata. Da safe za ta leƙa ta taga, ta ga yawan motocin da suka shigo lodi, ta san yau maza za su ci ninkin na jiya, ta ƙara shinkafa ba tare da ta shawarci kowa ba. Kuma ba ta kuskure. Abin da take tinƙaho da shi a duniya guda ɗaya ne: tun da ta kama ludayi, ba a taɓa samun ɗan Adam ya miƙo mata faranti ta ce masa ya ƙare ba. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo mata, karatun farko ke nan.

"In tukunya ta ƙare mutum yana tsaye da faranti, ba tukunyar ce ta ƙare ba, mai ita ce ta ƙare. Kin ji ko?"

Su ce sun ji. Wadda ba ta ji ba ma ta ce ta ji.

Amma akwai abin da ma'aikatan kamfanin ba su sani ba, in ban da Doguwa, mataimakiyarta, wadda suka tsufa tare a bakin wuta. Shugaba ba ta girki a gida. Rabonta da ɗora tukunya a kicin ɗin gidanta tun autarta tana goye, ga shi yanzu autar ma ta yi aure tana da nata 'ya'yan a wani gari.

Mijinta ne ke yi. Mai Agogo ake ce masa, don gyaran agogo yake yi a wani ɗan lungu ƙarƙashin matattakalar benen da suke haya, lungun da in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo waje. Siririn mutum ne marar hayaniya. Yana wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya da hantsaki a hannu, yana ɗaukar 'yan ƙusoshin da in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai a haƙura. Tun suna da ƙuruciya ya lura da yadda take dawowa da yamma, ƙafa a kumbure, ido ya yi ja saboda tururi, ta ajiye jaka ta nufi murhu. Wata rana ya tare ƙofar kicin ya ce wanda ya wuni a bakin wuta ba zai dawo gida ya sake shiga wuta ba. Ta ɗauka marmari ne na kwana biyu. Danginsa sun yi surutu, nata ma sun yi, har suka gaji suka bari. Shi ko a jikinsa.

A ranakun aiki, abin da ya fi yi shi ne miyar dunƙulallen wake, irin mai launin ƙasa-ƙasa ɗin nan da ke da ɗan tsinin baki kamar na ɗan tsako, wanda ake sayarwa dafaffe a gwangwani. In rana ta yi sanyi sai ya rufe shago ya hau sama. Kafin ta cire takalmi ta watsa ruwa, har ya sauke. Miya ce marar nauyi, ruwan ɗorawa, da ɗan ƙamshin citta da kori, a ci da farar shinkafa ko burodi. Shugaba tana ci tana yi masa tsiya.

"Malam, wannan ai ruwan ɗaurayar tukunya ne. Gishiri ne ya yi tsada a gari?"

"Ci dai, Shugaba. Harshenki ya wuni yana aiki, bar shi ya huta."

Ta cinye tas, ta ce don gudun almubazzaranci ne.

Sai ga shi bana zuciyar Mai Agogo ta fara ba shi wahala. Aka yi masa aiki, ya daɗe a asibiti, aka sallamo shi ya koma kamar sandar rake da aka tsotse. Ya tsani asibitin nan tsana mai tsanani, ga fitilar da ba ta mutuwa, ga robobin da aka jona masa ta ko'ina, ga shi ba a barinsa ya yi wa kansa komai. A mota, kan hanyar dawowa gida, ya kama hannunta ya ce a hankali, "Shugaba, ko me za a yi, kada ki bari a mayar da ni can." Ta ce masa in dai tana numfashi ba za a mayar da shi ba.

Likitar, wata yarinya mai fara'a sa'ar autarsu, ta yi musu dogon bayani. Ba tsayuwa a bakin wuta, ba hawa da sauka. Abinci marar nauyi, mai kaɗan, gishiri kaɗan, amma dole ya ci, don sai da abinci ɗinkin zai kama. Auta ta zo ta yi musu 'yan kwanaki, aiki da yara suka ja ta ta koma. Kicin ya faɗo hannun Shugaba.

"Doguwa, kin ji wai ni ake yi wa bayanin girki," ta ce washegari, tana juya muciya. "Mutum ɗaya tal. Ni da nake ciyar da gari."

Ranar farko da ta shiga kicin ɗin Mai Agogo sai da ta yi dariya. 'Yan tukwane kamar na wasan yara, 'yan kwalabe a jere kowace da murfinta, wuƙa ƙarama kamar ta feƙe fensir. Ta ture gwangwanayen wake gefe, don a wurinta abincin gwangwani abincin malalata ne. Marar lafiya nama yake buƙata, da ƙashi mai ɓargo, da miya mai kauri wadda ta daɗe a wuta har mai ya taso. Haka ta sani, haka kuma ta yi. Ta dawo daga aiki gab da magariba, ta ɗora, tukunya ta yi ta ɓararraka har gari ya yi duhu. Girkin da bai daɗe a wuta ba, a ganinta, raini ne ga mai ci.

Gishiri kuwa ta rage, tsakani da Allah ta rage. Maimakon cikin tafi, sai ta zuba rabin tafi. Barkono ma haka. Ta ɗanɗana ta ji daidai, don harshen da ya shekara talatin yana ɗanɗana miyar ƙartin lodi ba ƙaramin abu ke tashinsa ba. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma bai bar masu wayo ba.

Ta cika faranti ya yi tozo, ta kai masa baranda inda yake son zama yana shan iska, ita kuma ta shiga wanka. Kafin ta fito, faranti ya koma fes.

"Ya yi, Malam?"

"Hannunki ai hannunki ne."

Ta ji daɗi har cikin ranta. Kullum haka.

Ranar komawa asibiti aka ɗora shi a ma'auni. Fara'ar likita ta ragu. Ta sake duba ma'aunin, ta dubi ɗinkin ƙirjinsa, sannan ta juyo.

"Mama, Baba yana cin abinci kuwa?"

Da wata ce ta yi wannan tambayar a kicin ɗin kamfani, da ta ji babu daɗi. Shugaba ta haɗiye, ta ce faranti yake sharewa kullum, ita da hannunta take zuba masa. Likita ta dubi Mai Agogo. Mai Agogo ya dubi agogon bangon ofishin, ya ce kamar yana ɗan latti.

"Ku dawo mako mai zuwa," in ji likita. "In ya ƙara raguwa, ba ni da zaɓi, sai na kwantar da shi mu sa masa roba ta hanci."

Shugaba ta ga yadda yatsunsa suka damƙe hannun kujera. Ta dawo gida da abu ɗaya a ranta, wato abincin ne bai isa ba. Ta ƙara nama, ta ƙara mai, ta ƙara tozon faranti. Faranti ya ci gaba da komawa fes.

Asiri ya tonu ne a kan matattakala. Maƙwabcinsu Direba, wani gwauro mai tuƙa tasi wanda barandarsa ke manne da tasu, ya ci karo da ita tana hawowa da ledar nama. Ya rusuna har ƙasa.

"Mama, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Tun da kika fara aiko min da abincin nan, wandona ya daina rufuwa. Na jiya kuwa, barkonon ya ratsa ni har sai da na cire riga."

"Na aiko maka," in ji Shugaba.

"E mana, ta hannun Baba. Ta baranda yake miƙo min, in juye in miƙa masa farantin. Ya ce kin ce..."

Nan ya dubi fuskarta sosai. Sai ya tuna wai bai kulle mota ba, ya gangara da sauri.

Ta ƙarasa hawa a hankali, ledar nama tana bugun ƙafarta. Ta yi niyyar faɗa, kuma Shugaba ta iya faɗa. Amma ta tarar da Mai Agogo yana gyangyaɗi a kujerar baranda, hannunsa ɗaya ya zubo ƙasa. Idonta ya sauka a kan agogon hannunsa, tsohon agogon da tun aurensu yake ɗaure da shi. A jikin fatar maɗaurin akwai sababbin huji a jere, an huda su da kyau, tsaf, aikin gwani. Yana ramewa yana ƙara huji, don kada agogon ya zame ta gani. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata, kunya kuma ta biyo baya. Ta jawo kujera ta zauna har ya farka.

"Malam, Direba ya yi ƙiba."

Can ya ce, "Yaro ne mai aikin wahala, yana da buƙata."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"In ce miki me? In ce wa Shugaba abincinta ba ya ciyuwa? Kin wuni a tsaye, kin dawo kin sake tsayuwa saboda ni." Ya gyara zama da ƙyar. "Ina son in ci, Allah ya sani. In na kai cokali baki, mai da yajin su tare min ƙirji. Kuma yunwar ba ta daɗewa. Da na sha maganin yamma take zuwa, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo mai kunya, in ba a kula ta ba ta juya. Kafin ki sauke ta yi nisa."

"To me kake so ka ci?"

Ya ɗan yi murmushi. "Ruwan ɗaurayar tukunya."

Wanzami ba ya son jarfa. Maganganu da yawa sun zo mata baki, ta mayar da su duka. Ta tashi ta sa naman a firiji, ta jawo kujerarsa zuwa ƙofar kicin, ta ɗauko gwangwanin da ta ture kwanakin baya, ta ce ya faɗa mata yadda ake yi. Wanda ya san Shugaba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai abin bai yiwu ba. Mai Agogo bai san awon miyarsa da baki ba, a yatsunsa awon yake. Ya ce ta ɗebi kurkum abin da yatsu biyu suka kama. Ta ɗeba. To yatsun da suka saba ɗaukar ƙusar agogo daban, yatsun da suka saba damƙar muciya daban. Ya ce mai ɗan kaɗan, hannunta ya karkata kwalba, kafin ta ankara albasa tana iyo. Miya ta fito jawur, da ɗaci-ɗaci. Ya daure ya haɗiye cokali ɗaya, ya kai na biyu, ta ga maƙogwaronsa yana kokawa da shi. Ta karɓe cokalin daga hannunsa, ta haɗa masa shayi. Ko rabin kofi bai sha ba.

Washegari a kamfani ba ta yi wa kowa faɗa ba, abin da ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Ta hau bencinta, ta watsa gishiri, ta watsa yaji, ta juya. Doguwa ta ɗanɗana ta ce daidai, kamar kullum, sannan ta tsare ta da ido har sai da ta ba ta labari.

"Ikon Allah," in ji Doguwa. "Yaya, ke da za ki dafa wa duniya ido a rufe."

"Ai shi ne. Miyar nan na san ta kamar yunwar cikina, shekara nawa ina cin ta. Da za a ce in dafa wa ma'aikatan nan kaf irinta, ba zan yi kuskuren ƙwayar barkono ba. Amma a ce mutum ɗaya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya a kan bencin da muciya a hannu, tana kallon cikin tukunyar. Ashe hannun nata ba ƙarya yake yi ba, ƙarami ne kawai bai sani ba. To me zai sa ta tsaya koya wa tsohon hannu sabon karatu, ga mako yana tafiya? Ta sauko, ta kwance ɗankwalin aiki. A karo na farko tun da aka san ta, ta bar wa Doguwa wankin tukunya ta fita rana ba ta faɗi ba.

Ta biya kasuwa ta sayi kayan ƙamshi da mudu, kamar mai shirin buɗe shago. Da ta isa gida ba ta hau sama ba sai da ta buɗe lungun Mai Agogo, ta zazzage gwangwanin da yake tara matattun agoguna, ta tsinci murfin bayan wani ɗan agogon mata, ƙarami kamar farcen babban yatsa, mai ɗan zurfi. Ta goge shi ta ƙulle a bakin zane.

A tsakar ɗaki ta ajiye babbar robar da take jiƙa labule. Mai Agogo yana kallonta daga kujera.

"Shugaba, taro za a yi a gidan?"

"Yi shiru, kada ka ɓata min lissafi."

Ta rufe ido. Ta hango layin ma'aikata tun daga tagar kicin har bakin ƙofar kamfani, kowa da farantinsa, ta kuma kawo ɗanɗanon miyarsa a bakinta. Sai hannun ya fara aikinsa. Kori tafi-tafi, kurkum ƙasa da haka, garin citta, masoro, barkono ɗan abin da zai gaishe da harshe ya wuce. Gishiri ta ɗebo yadda miyarsa take ɗauka, ta tuna da likita, ta mayar da fiye da rabi cikin leda. Ta cuɗe su da hannu biyu har launinsu ya zama ɗaya, atishawa ta cika ɗakin, shi yana yi yana riƙe ƙirji yana dariya. Yajin miyar ɗaruruwan mutane ke nan a gabanta, daidai wa daida. Saura ta cire rabon mutum biyu a ciki, kuma ba da yatsunta ba.

Ta wanke murfin agogon ta shanya. Ta yanka rabin albasa ƙanana-ƙanana, ta daka tafarnuwa da ɗanyar citta, ta goga tumatir, ta dafa 'yar shinkafa ta rufe. Ta jera komai a gefen murhu, amma ba ta kunna wa miya wuta ba sai da ta ga ya kora maganin yamma da ruwa.

Mai, murfin kwalba ɗaya. Ta zuba shi a mafi ƙanƙantar tukunya, ta ji kamar ta yi rowa a gaban jama'a. Albasa ta yi laushi, ta sa tafarnuwa da citta. Ta cika murfin agogo da yajin robar, ta share bakinsa da wuƙa, ta juye, ta juya har ƙamshi ya tashi bai kai ga ƙonewa ba. Tumatir ya bi baya. Ta buɗe gwangwani, ta ɗauraye waken sosai don ruwan gishirin da aka ajiye shi a ciki ya fita, ta zuba rabi. Ta kawo 'yar madarar kwakwa da ɗan ruwa. Da ta ga miyar ta yi tsululu, sai ta danne wasu ƙwayoyin waken da bayan ludayi, nan take ta ɗan yi jiki ba tare da an ƙara mai ba. Wannan dabarar tata ce, Mai Agogo bai taɓa yi ba, kuma daga ƙofa ya gyaɗa kai. Ta watsa ganyen alayyafo, ta matsa lemon tsami don ya tsaya a inda gishiri ya bari.

Nan aka zo wurin da ya fi wuya. Miya ta yi, amma duk jikinta yana ce mata ba ta yi ba. Ko gumi ba ta haɗa ba, ƙafarta ba ta gaji ba, a ce har an gama? Ta ɗanɗana, ba ta ji komai ba sai ɗumi da ɗan ƙamshi. Kafin ta yi tunani, hannunta na dama ya kama hanyar kwalbar gishiri da kansa. Ta cafke shi da na hagu, ta mayar da shi bayanta, ta riƙe. Ta sunkuya ta kashe wuta.

Ba ta yi tozo ba. A ƙananan farantan shayi ta zuba, shinkafa kaɗan, miya a gefe, nasa da nata. Ba ta kai baranda ba, ba ta kuma shiga wanka ba. Ta ajiye a ɗan teburin ɗaki ta zauna a gabansa da kayan aikinta.

Ya daɗe yana kallon farantin. Ya ɗauki cokali, ya ɗebi ɗan kaɗan, ya hura, ya kai baki. Ita ta sunkuyar da kai ta kama cin nata, don in ta kalle shi zai ci ne saboda ita, ba shi take so ba. Kunnenta ne kawai ke wurinsa. Ta ji cokali ya taɓa faranti, shiru, ya sake taɓawa. Fargaba ta sa ta share nata ba ta ma san ta ci ba. Shi kuwa a hankali yake tafiya, kamar yadda yake komai, yana hutawa yana komawa. Can ta ji ƙarar cokali yana kankarar faranti.

"Waken da kika danne ɗin nan," ya ce, "ya fi nawa."

Sai ta ga faranti ya doso ta, a hannunsa, agogo yana lilo a tsintsiyar hannun.

"Shugaba, da saura?"

Ta karɓa ta nufi kicin da saurinta na kullum, ta ɗaga murfi. Babu komai. 'Yar tukunyar ta yi fes, sai zanen ludayi a gindinta. Ta tsaya da murfi a hannu ɗaya da faranti a ɗaya. Shekara talatin da ɗoriya tana gudun wannan tsayuwar, tana ƙara shinkafa, tana leƙen taga, don kada rana irin ta yau ta zo. Ga ta ta zo, kuma ba ta taɓa jin daɗi a bakin murhu irin na yau ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su.

"Ta ƙare, Malam," ta ce daga kicin.

Sai ta ji muryarsa, da sauran tsokanar da ta yi kewa tun kafin asibiti.

"Tukunyar ce ta ƙare, ko mai ita?"

"Rufe min baki. Ka riƙe baƙon nan naka da hira, kada ka bari ya fita."

Ta share ido da gefen zane, ta jawo sauran rabin albasar, ta kunna wuta.

Ranar komawa asibiti ma'auni bai hau sosai ba, amma bai sauka ba. Likita ta ce su tafi gida. Direba ne ya dawo da su a tasinsa, yana ta ƙorafin an yanke masa abincin dare ba sanarwa. Shugaba ta cika masa kwalba da yajin robar, ta ce gwangwani yana nan a kanti, shi ma hannu gare shi.

Bayan wasu makonni, suna zaune a teburin nan da yamma, ta ga Mai Agogo ya kwance agogonsa ya sake ɗaurawa. Ya mayar da maɗaurin baya da huji ɗaya, a ɓoye, kamar yadda ya riƙa matso da shi a ɓoye. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta tashi ta ɗauko murfin agogo, ta ce yau gwangwanin duka za ta juye.